Kujera Ɗaya Tsakanin Lasifika Biyu

Kakarmu, Iya Dije, ba ta ɗaga murya in tana tatsuniya. A ƙauyenmu na gefen Tofa, lokacin ɓarar gyaɗa, da an sallame isha'i sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta miƙa wa kowa kwanonsa. Ƙasa-ƙasa take magana, dole mu matso har gwiwoyinmu na gugar juna. In ka ce ba ka ji ba, sai ta ce kunnenka ne ya yi nisa, ka kawo shi.

Akwai tatsuniyar da ba na so, ita kuwa kamar da gayya take maimaita ta. Wani makaɗin gurmi ne ya lura kiɗansa ya fi zaƙi a cikin rami. Sai ya haƙa rami daidai shi kaɗai a bayan gida, ya kafa doka: in yana ciki, kada wanda ya matso. Ran nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, gefen ramin ya rufto ya danne masa ƙafafu. Ya yi kira, ruwa ya cinye muryar. Sai ya dinga kaɗa gurmin iya ƙarfinsa.

A nan Iya take ƙara sassauta murya. "Matarsa ta ji. Ta ce wa yara, ku zauna, babanku kiɗa yake."

Ba ta taɓa gaya mana ko an ciro shi ba. Shekara da shekaru matar nan nake jin haushi.

Bara, ni malamin firamare da furfura ta fara leƙowa, na kamu da ciwon haɗa lasifika. Na samo ƙanana biyu na tsohuwar mota, kafinta ya yanka mini falanki, na haɗa akwatuna da gam, na cusa auduga ciki don kada katakon ya yi kuwwa. Irin na kan tebur ne, sai ka zauna kusa kake jin daɗinsu. Na auna da zare: tazarar da ke tsakaninsu daidai da ta kowanne zuwa kunnena, na zana wurinsu da alli. A kujerar da na ajiye gabansu, kiɗan goge ta hagu yake fitowa, na ƙwarya ta dama, mawaƙi kamar yana zaune gabana. Ka gusa taku ɗaya, daɗin ya tafi. Wurin mutum ɗaya ne.

Wata rana 'yata Hafsatu, mai shekara shida, ta jingina da teburin, akwati ɗaya ya goce daga kan alli. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi wa ɗalibi ba.

Watan jiya uwarta ta tafi barka. Bayan la'asar na fi awa ɗaya a kujerar ina jin waƙa. Da na fito sai ga Hafsatu a bakin ƙofa, ta taka fasasshiyar kwalba, ta ɗaure ƙafar da ɗankwalinta, jini ya jiƙa shi. Ta ce ta leƙo sau biyu, ta ga idona a rufe.

A kan babur, hanyar asibiti, na gane matar makaɗi ba ta da laifi. Abin da aka koya mata ta yi. Kunya da tsoro suka kama ni, har yau ba su sake ni ba.

An ɗinke ƙafar, ta warke. Na goge allin, na jawo kujera ta biyu. Jiya na kira ta ta zo mu ji waƙa tare. Ta shigo, ta tsaya nesa da teburin, hannuwanta a baya.

"Ba zan taɓa komai ba, Baba."