Garinmu da Ke Ƙarƙashin Ruwan Tiga

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe na firamare a Kiru, na taɓa yanke wa kaina hukuncin barin makaranta. Na ce ajin ƙarshe, amma adalci ya sa dole in ƙara da cewa mahaifiyata ta dage a kan aji biyar nake. Na bincika ban samu abin da zai raba gardamar ba, saboda haka na kawo muku duka biyun.

Dalilin kuwa, idan na duba yanzu, bai taka kara ya karya ba. Malaminmu ne ya ce kowa ya tashi ya faɗi asalin garinsu. Da aka zo kaina na ambaci ƙauyen da nake jin iyayena suna kira garinmu, sai malam ya tambaye ni inda yake. Kafin in buɗe baki wani ɗan ajinmu ya ce, "Malam, ai a cikin Tiga yake, ruwa ya cinye shi. Su danginsu tarwaɗa ne." Aji ya kwashe da dariya. Malam ya tsawatar, amma suna ya riga ya zauna. Daga ranar na zama Tarwaɗa, a aji da filin ƙwallo, har a bakin yaran da ba su san mafarin zancen ba.

Na fara da ciwon cikin da ba ya tashi sai da safe, daga baya na fito fili na ce wa mahaifina gona zan riƙa bin sa. Na shirya wa bulala. Yana tsugune yana gyaran injin ban-ruwa, bai ko ɗago ba, ya ce, "To. Allah ya kai mu hutu."

Hutun ya zo a tsakiyar bazara. Mahaifina ya ce tafiya za mu yi, shi da mahaifiyata da ƙanwata da ni, da kuma kakata wadda ta haife shi. Muka shiga bas muka nufi wajen Bebeji. A hanya ya mayar da taga allo. Me aka shuka a can? Me ya sa gonar nan take kore alhali ba a yi ruwa ba? Ƙanwata ce take ta amsawa tana cin yabo, ni kuwa na ɗaure fuska kamar wanda ake kai wa kotu. Kakata, wadda ba ta kirana da komai sai Maigida, ta zungure ni ta ce, "Maigida, in haka za ka riƙa turo baki, ni na fasa auren."

Muka sauka gidan baffana, ƙanin mahaifina, wanda yake sana'ar kamun kifi a bakin dam ɗin Tiga. Washegari da hantsi ya kwance kwalekwalensa. Mahaifiyata ta dubi ruwan, ta dubi kwalekwalen, ta ce ita 'yar tudu ce, mu gaishe su. Ta riƙe ƙanwata suka zauna a inuwa. Da kakata ta tattare zane za ta shiga, mahaifina ya yi ƙasa da murya ya ce, "Inna, har makabarta fa za mu."

"Na sani," in ji ta. "A tudu ne mata ba sa zuwa. Ka taɓa jin malamin da ya yi magana a kan kwalekwale?"

Ban kawo wannan a matsayin fatawa ba, abin da ta faɗa kawai na maimaita.

Sai a lokacin na fahimci abin da ya sa aka jira bazara. Idan ruwa ya ja baya, akwai wani faffaɗan dutse da kansa yake fitowa a tsakiya, kuma mutanenmu sun saba zuwa wurinsa a irin wannan lokaci. Baffana ya matsa da mu jikin dutsen, muka hau. Kakata ta durƙusa tana shafa shi, har hannunta ya faɗa wani rami mai santsi, girman ƙwarya ƙarama. Ta share gansakukar da ke ciki ta ce, "Zo ka sa hannu." Na sa. Ta ce, "Nan nake niƙa ina amarya. Na kusa da shi na uwar mijina ne, ka ga ya fi zurfi. Can inda tsuntsun nan ya sauka, ƙofar gidanmu ce. Ubanka a kan dutsen nan ya fasa goshi." Mahaifina ya ture hularsa baya, ga tabon nan da na sani tun ina ƙarami, ban taɓa tambayar inda ya samo shi ba.

Daga nan muka koma kwalekwale, tana nuna wa baffana hanya da hannu, har ta ce ya tsaya. Babu komai a wurin sai ruwa. Mahaifina ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, muka ɗaga hannu. Mahaifinsa yana ƙarƙashin wurin, da 'yar farin kakata. Ni kuwa, da halin da har yau bai bar ni ba, ana shafawa na ce, "Kaka, kin tabbata daidai nan ne?"

Baffana ya tuntsire da dariya har kwalekwalen ya girgiza. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Maigida, ko mun kauce kaɗan, ruwan da yake ɗauke da mu shi ne yake lulluɓe da su. Addu'a ba ta ɓatan hanya."

A hanyar dawowa ne mahaifina ya yi maganar da ita kaɗai ta shafi makaranta a duk tafiyar. Ya ce, "Lokacin da masu awon ƙasa suka zo za a gina dam ɗin nan, ina ƙasa da kai a shekaru. Ba na cewa sun yi laifi, da ruwan nan ake noman ranin da ake ci. Amma duk garinmu babu mutum ɗaya da zai iya zama da su ya tambaye su ina ruwan zai tsaya. Kallonsu kawai muka yi." Bai ce in koma aji ba. Ya karɓi filafili daga hannun baffana ya ci gaba da tuƙi.

Bayan haka mun wuce Tudun Wada, muka kai har Doguwa, muna bin dangin da tashin garinmu ya warwatsa. Duk gidan da muka shiga tambayar farko ɗaya ce: "Dutsen ya fito bana?" Kakata takan nuna ni ta ce a tambayi maigidanta, shi ya sa hannu a ciki. Tun ina jin nauyi har na zama ni ne mai ba da labari.

Ranar da aka koma makaranta da kaina na ɗauki jaka. Ban kai ƙofar aji ba na ji an ce, "Tarwaɗa ya dawo!" Na ce, "Na'am." Na kuma roƙi malam ya ba ni dama in ƙarasa amsar da aka katse mini.

Yau na kammala jami'a a fannin labarin ƙasa, kuma na koyi irin awon da mutanen nan suka yi. Kakata ta rasu kafin in gama, Allah ya jiƙanta. Ina gode wa Allah da ya ba ni uban da ya ɗauke ni ya kai ni, a ranar da duka ya fi masa sauƙi. Mutum ne ni da ba ya iya barin magana ba tare da ya tantance ta ba, kun ma gani tun daga farkon rubutun nan. Ina da ilimin da zan gano ko daidai kan makabartar muka tsaya a ranar, kuma na sha yin niyya. Bazarar da ta wuce na koma tare da mahaifina. Baffana ya tsayar da kwalekwale a inda ta nuna, ya dube ni da murmushi ya ce, "To, mai awo, nan ne ko mu matsa?"

Na ce masa nan ne. Muka ɗaga hannu.