Ramin da Na Bari a Gonar Stuckey

Shekara talatin da ɗaya Wendell Prather ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukanmu na jihar Kentucky a Amurka, har karnukan mutane sun daina yi masa haushi. Da ya yi ritaya sai ya sayi na'urar gano ƙarfe, irin mai doguwar sanda da faifai a ƙasa, wadda ke yi maka kuka a kunne idan ta bi ta kan ƙarfen da ke binne. Ni kuwa Loretta, direbar motar 'yan makaranta, da mijina ya rasu zaman gida ya ishe ni, na sayi tawa. A bayan coci ya same ni ina ta fafe ƙasa.

"Ke 'yar nan, rijiya kike haƙa ko kabari?" in ji shi.

"Tsoffin kuɗi nake nema, Baba."

"Madalla. Wa ya ba ki izini?"

Na yi tsuru-tsuru. Ya tasa ƙeyata har ƙofar fasto na ba da haƙuri, ni da furfurata.

Daga ranar na zama ɗalibarsa, kuma wallahi mutumin nan akwai mita. Ba a shiga gonar kowa sai an ƙwanƙwasa ƙofa, hula a hannu. Duk abin da ka tono sai ka nuna wa mai wuri, don ƙasarsa ce. Gwangwani da tsatsattsen ƙusa ka zuba a jaka ka tafi da su. Ciyawa kuma ta gefe uku ake yanka ta, a ɗaga kamar murfi, ƙasar a zuba a kan ƙyalle, in an gama a mayar da ita duka, a rufe, a taka. "In mai gona ya gane inda kika tona," yakan ce, "ba ki iya ba."

Sai da muka shekara tare ya gaya mini abin da yake nema. A cikin makiyayar wani manomi, Harlan Stuckey, gidan da aka haifi Wendell yake a da. Yana ɗan shekara tara gobara ta cinye gidan, da mahaifiyarsa a ciki. Ko hotonta bai tsira ba. Abin da yake tunawa kawai ɗan ƙoƙon azurfa da take sa wa yatsa in tana ɗinki, wanda take ƙwanƙwasa masa a ka in ya yi rashin ji. Ya ce wuta ba lalle ta narkar da shi ba, don a baranda take ajiye kwandon ɗinkinta.

Kowace kaka, in an gama yankan ciyawa, sai ya ɗauki kwalbar zuma ya je ya sake neman izini, kamar bai taɓa nema ba. Layi-layi yake bin makiyayar, yana kafa turke inda ya tsaya. Shekara shida yana yi. Saura kusurwa ɗaya, wajen tsohuwar rijiya, lokacin da ya roƙi Harlan ya bar ni in riƙa raka shi.

Ranar da abin ya faru hadari ya haɗo tun azahar. Na'urata ta yi kuka mai daɗi, na tona har gwiwar hannu, ashe guntun garma ne. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, Wendell na can gindin mota yana ƙwala mini kira. Ƙasar da na fitar ta zama taɓo. Sai na ce a raina gobe na dawo na cike, na mayar da murfin ciyawar kawai a kan ramin, na ruga. Da na bar shi a buɗe ma ya fi, ko dabba ta gani ta kauce.

Gobe ba ta jira ni ba. Da sassafe goɗiyar Harlan ta zurma ƙafa a ciki, ƙashin ya karye. Shekara goma sha tara tana wurinsa, a hannunsa aka haife ta. Da hannunsa ya harbe ta.

Ina zaune a mota, tagar a buɗe, lokacin da Wendell ya je ƙofarsa. Na ji komai.

"Wa ya tona ramin nan, Wendell?"

"Ramina ne, Harlan. Ba ni da ta cewa."

Harlan ya ɗaga kai ya dubi motar. "To kada in ƙara ganin ka a gonata."

Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar munafuka, kuma ita ce ni. A hanya na ce, "Baba, me ya sa ka ɗauka?" Ya ce, "Ni na kawo ki." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya, bai kuma daina zuwa ɗaukata ranar Asabar mu tafi wasu gonakin ba.

Shekara uku yana wucewa ta gefen shingen gonar Harlan, ya rage gudu, ya dubi turkensa. Kowane lokacin sanyi Harlan yakan tafi wurin 'yarsa a can jihar Florida, gonar ba kowa. Na ce, "Haba Baba, shingen nan ko akuya ta tsallake. Wa zai sani?" Ya harare ni. "Uwata ba ta haifi ɓarawo ba, kuma ba zan zama ɗaya a kan kabarin gidanta ba." Sau nawa na yi niyyar zuwa in faɗi gaskiya, Allah ne shaida. In na kai bakin hanyar gidan sai in tuna ƙarar bindigar nan da ban ma ji ba, in juya.

Ciwon zuciya ne ya kashe shi, yana zaune a kujerarsa da safe. A wajen jana'iza na tari Harlan na ce, "Ni na bar ramin nan, ba Wendell ba."

Ko mamaki bai yi ba. "Na sani, Loretta. Shekara shida mutumin nan yana tona a gonata, ban taɓa gane wuri ɗaya ba. Ke nake jira ki ƙwanƙwasa ƙofata. Da kin zo, da ranar zan buɗe masa gonar."

Na rasa inda zan sa kaina. Da na sani ƙeya ce.

Da kakar ta zagayo na kai masa kwalbar zuma, ya karɓa, ya buɗe mini ƙyauren makiyayar. Turken Wendell na nan inda ya bar shi. Daga nan na fara, layi-layi. Kwana biyu kacal ya ɗauke ni. Taku goma sha ɗaya daga turken na ciro ɗan ƙoƙon, ya yi baƙi, gefensa ya lotsa. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi wa mijina ba.

Na nuna wa Harlan, don ƙasarsa ce. Ya juya shi a tafin hannu ya miƙo mini. Sannan na je na nemi izinin fasto. A kan kabarin Wendell na yanka ciyawa ta gefe uku, na sa masa abin uwarsa, na mayar da ƙasar duka, na rufe, na taka. Yau ko ni in na je ba na gane wurin.