Randar da Ta Ƙi Fita Zaure

A Tsibiri, in ka ce Taiba mai tukwane, ko akuya sai ta nuna maka gidan. Shekara arba'in hannunta na cikin yumɓu. Tulunanta sun sanyaya ruwan Maradun, tukwanenta sun dafa tuwon Faru, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa kayanta a kasuwa don neman tsaga, harara ce gyaransa.

Aibinta ɗaya a sana'a, kuma yana nan tsaye a tsakar gida: randa ce da ta kai ƙirjin namiji. Wani mai fataucin shanu ne ya ce ta gina masa wadda ba a taɓa gani ba. Ta gina, ta gasa ta nan cikin gida, ƙarti shida suka cicciɓe ta da ƙyar, sai ƙofar zaure ta ce ba da ita ba. Marigayi mijinta ya ce ba a rushe masa zaure saboda tukunya. Randa ta zama 'yar gida.

Bana autanta Ɗayyabu ya dawo hutu daga karatu a Talata Mafara da wani irin shiru. Ladan zai kira salla, shi yana zaune yana tonon ƙasa da tsinke. Taiba ta zargi zazzaɓi, ta zargi budurwa. Da ta ga tuwo na wucewa lafiya lau, sai ta tsare shi.

"Auta, mi ya raba ka da masallaci?"

"Inna, wani abokin karatuna ne ya tambaye ni, wai Allah na iya halittar dutsen da Shi kansa ba zai iya ɗauka ba? In na ce i, ga abin da ba Ya iya ɗauka. In na ce a'a, ga abin da ba Ya iya halitta. Ko kabbara na tayar, sai tambayar ta tsaya mani a maƙogwaro."

Karatun Taiba bai wuce surorin salla ba, kuma in ta kai shi wurin liman, kafin magariba gari ya ɗauka ɗan Taiba ya taɓu. Ta ci gaba da shafe bakin tukunyar da ke gabanta har ya yi sumul.

"Tashi ka ɗauko mani waccan randa."

"Haba Inna! Ƙarti shida fa."

"Wa ya gina ta?"

"Ke."

"To ka gani, abin da abokinka ke tambaya, ni nan na iya shi. Ka taɓa jin maroƙi ya yi mani kirari da ita? Ba gwaninta ce ta yi mani yawa ba ran nan. Ido ya kasa awo, hannu ya kasa ɗauka. Kasawa biyu ce na haɗa na gasa. Shi wanga aboki naka cewa yake, in Ubangiji bai yi shirme irin na Taiba ba, to ikonSa bai cika ba."

Dariya ta kuɓuce wa Ɗayyabu, ta farko tun dawowarsa. Ya daɗe yana kallon randar.

"Sai na ƙara tunani, Inna."

"Yi tunaninka. Amma ga la'asar can ana kira, ita ba ta jiran mai tunani."

Ya miƙa hannu ya ɗauki buta.

"Cika ta daga waccan," in ji Taiba, ta mayar da hannu cikin yumɓu. "Yau dai ta yi mani rana."