Ƙafafun motar Baba

Har yau in na ga yayana ya ɗora hannu a kan motar nan yana cewa "ƙarfen da," sai in tashi in bar masa wurin.

Motar Baba ce, tsohuwar ƙirar Ingila, ta girme ni. Da ita ya yi ta jigilar albasa daga gonakin Jazira, shi ya sa ya ƙara mata falle biyu na sifirin a baya, ya sa mata rim ɗin a-kori-kura, kowanne sai ka yi nishi kafin ka ɗaga. Da ya rasu, makulli ya koma hannun yaya, shi ne babba. Ni kuwa bakanike ne a Umdurman, nan Sudan, gyara nawa, tuƙi nasa.

Sai ciwon baya ya kwantar da Inna. Likita ya ce kowane mako a kai ta gashin ƙashi a Khartum, in ta daina ƙafafunta za su tafi. Daga unguwarmu Dar Salam zuwa kwalta ramuka ne zalla. Ranar farko da na kai ta, kowane rami sai ta cije gefen mayafinta. Mun isa asibiti tana jiƙe sharkaf da gumi.

Na san laifin waye. Duk abin da ke ƙasan sifirin, taya da rim da gangar birki, in ya yi nauyi, rami ya cilla shi sama, dukan motar yake kamar guduma, na ciki ya sha. Albasa ba ta kuka, shi ya sa Baba bai taɓa damuwa ba.

Wata uku ina yawo a wajen masu tsofaffin kayan mota kafin na haɗa rim huɗu na alminiyam, masu sauƙin da hannu ɗaya ke ɗauka. Na cire fallayen nan biyu, na canza shokazoba. Birkin gaba na ganga, wanda sai ka taka sau uku kana salati, na maye shi da na faifai. Motar ta ɗan sauko ƙasa, ta yi laushi. Mako na gaba Inna ta yi barci tun kafin mu hau gada. Na tsaya a ƙofar asibiti na ƙi tashinta, har mai gadi ya zo yana buga mini gilashi.

Rasuwa ta kai ni Jazira kwana tara. Da na dawo, tun daga bakin layi na hango motar ta ɗaga gindi sama kamar zakara.

"Yaya, me ka yi mata?"

"Na maido mata da mutuncinta, ya zol, ƙanena. Na je gidan surukaina da ita, ana ta dariya wai arabiyyar Alhaji, motar Baba guda, ta durƙusa. Ka sa mata ƙafafun gwangwani."

Tsofaffin rim ɗin sun ƙi zama a kan sabon birki, don haka wanda ya kai wa aikin ya mayar da gangunan ma. Na tambayi rim ɗina. Ya ce ya ba wani mai zubin tukwane a kasuwa. Na hau raksha mai ƙafa uku na je. Mutumin ya riga ya narkar da su, ya nuna mini tukwane jere a rana, har yana yaba kyan ƙarfen.

Na dawo gida. A tsakar gida na ɗaga wa yaya murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa bai taɓa kai Inna asibiti ko sau ɗaya ba, bai san yadda take cije baki ba, dariyar surukai ce kawai ke shiga kunnensa. Inna ta kira ni daga ɗaki.

"Kalas, ya isa. Yayanka ne. Kada in ƙara ji."

Ranar asibiti na cika mata kujera da matasai, na tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai hana komai ba. Ko kwalta ba mu kai ba ta dafa kafaɗata ta ce in juya.

Na ce ta ba ni wata ɗaya in sake haɗa kayan, kafin nan in nemo tasi mai laushi. Ta girgiza kai. Ta san in na sake taɓa motar, ni da yaya mun raba gari ke nan. In kuma aka ga tana hawa motar haya ga ta mijinta a ƙofa, unguwa za ta tambayi dalili, a kunyata ɗanta na fari.

Da yamma ta tara mu, ta ce ta warke, ba ta bukatar asibiti kuma. Yaya ya ce alhamdu lillahi, har da shafa fuska. Ni ina zaune kusa da ita, ina kallon yadda take ɗaga ƙafarta ta hagu da hannu biyu don ta gyara zama.