Ƙauyen da Na Cika wa Sifili

Ana idar da sallar asuba muka bar Gusau, ni da abokin karatuna, a tsohuwar motar Kawu wadda ba ta tashi sai an lallashe ta. Shi ke tuƙi. Kirista ne, aikin gwamnati ya kawo iyayensa daga Kudu, amma a Gusau aka yanke masa cibiya, kuma Zamfarcinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ni kuwa ina gefe rungume da kwamfuta kamar mai jego.

Ga waɗanda ba su sani ba, digiri na biyu nake yi a fannin yanke shawara a harkar kasuwanci, wato yadda za a sa lissafi da ƙididdiga su nuna wa ɗan kasuwa abin da ya fi masa. Bincikena a kan tambaya ɗaya yake: idan mai sayen hatsi zai gina sito a ƙauye, wane ƙauye ya fi dacewa? Na zaɓi ƙauyuka ashirin a ƙasar Bungudu da ta Tsafe, na sami lambar mutum ɗaya a kowanne. Duk farkon wata, har wata shida, sai in kira in tambayi lafiyar hanya da sau nawa ɓarayin daji suka tare kaya, in rubuta. Na haɗa da nisa da yawan amfanin gona na zuba wa kwamfuta, ta jera mini su. Wanda ya zo na ɗaya wani ƙauye ne a bayan Tsafe. Ba zan faɗi sunansa ba, a jadawalina dai lamba sha bakwai ne.

Mutumina na can sau ɗaya ya taɓa ɗaukar waya, a watan farko, ya ce mini lafiya lau, na rubuta sifili. Daga nan kullum wayar a kashe. Na ce matsalar sabis ce. Manhajar da nake aiki da ita ba ta yarda a bar gurbi babu komai, ni kuma ina sauri, sai na cike sauran biyar ɗin da sifili na wuce.

Da a takarda abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma bakina bai riƙe ba, na yi ta cika baki a gaban Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda sana'arsa ke nan sayen dawa da masara. Shi kuwa ya fi ni yarda da boko. Ya sayi kwano da katako, ya ce da an fara girbi babban ɗansa, wanda bai fi wata huɗu da aure ba, zai tare can da amaryarsa ya riƙe sito. Malamin da ke duba aikina ne ya tambaye ni ko na taɓa taka ƙafata a garin. Na ce a'a. Ya cire tabarau ya ce in je in gani kafin in tsaya kare aikin a gaban malamai. Dalilin tafiyar ke nan.

Bungudu muka fara nufa, don ƙauyen da ya zo na biyu yana kusa da ita. Hanya lafiya, fadama kore shar, rake ya yi tsayi. A bakin titi muka karya da hoce da kunu mai zafi, abokina yana ta mita wai hocen bana ya rame kamar ɗalibi a lokacin jarrabawa. Ƙauyen kuwa ko ba ka shiga ba za ka san da mutane: injin niƙa na ɓarin baki, jakuna na kuka, mata na daka. Mutumina na nan ya zaunar da mu fiye da awa guda yana jero mana ƙorafi, daga gadar da ruwa ya cinye zuwa buhunan da aka sauke wa wani a daji. Na fito ina murmushi a raina, ina cewa lallai kwamfuta ta yi gaskiya da ta ba su na biyu.

Muka juyo ta Gusau muka kama hanyar Tsafe da hantsi. Dutsen Kwatarkwashi na nan zaune abinsa. Shingayen jami'an tsaro sun fi yadda na san su yawa, kuma na lura direbobi ba sa tsayawa ko fitsari a tsakanin gari da gari. Abokina, wanda tun safe bai rufe baki ba, ya kashe rediyo ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

A tashar Tsafe na tunkari 'yan kabu-kabu na ambaci sunan ƙauyen. Hirar da suke yi ta tsaya cak. Ɗaya ya sunkuya yana duba tayar da babu abin da ya same ta, wani ya tuna bai yi alwala ba. Sai wani mai furfura a gemu ya ja ni gefe ya ce zai kai mu, amma da sharaɗi. Mota da kwamfuta a nan za su zauna. Agogo da tabarau a cire, waya a kashe, kuma ko mun gama ko ba mu gama ba, kafin la'asar muna Tsafe. Abokina ya dube ni ya ce, "Wannan shi ne na ɗayan naka?" Na yi dariyar yaƙe.

Mu uku a babur ɗaya muka bar kwalta. Da farko akwai gonaki da mutane jefi-jefi. Can sai gonakin suka koma ciyawa, ciyawar ta rufe hanya har tana marin fuska. Ba mu gamu da kowa ba, ko mai itace. Da muka hango wata kuka, ɗan kabu-kabun ya kashe inji ya ce mu sauka, daga nan tura babur za a yi. Sai da ƙarar injin ta ɗauke na gane ba na jin komai kuma, sai numfashinmu da ƙarar sarƙa.

Rana tsaka muka shiga garin. Rumfunan kasuwa sun durƙushe. Kabewa ta haye katangar masallaci ta yi 'ya'ya manya-manya, babu wanda ya tsinka. A ƙofar wani gida na ga turmi cike da ruwan sama, har da 'yan kwaɗi a ciki. Wani ɗaki an garƙame shi da kwaɗo mai kyau, alhali rufinsa ya faɗa ciki. Babu kaza, babu akuya, babu hayaƙi. Abin da kawai yake sabo shi ne sawun tayoyin babura a kan laka, da yawa, kuma ba namu ba ne. Tsoro ya kama ni sosai.

To ni ɗan birni, da na ga zauren da aka share ƙofarsa, sai na yi abin da aka koya mini tun ina ƙarami. Na cika ƙirji na rangaɗa sallama. Muryata ta bugi katanga ta dawo mini. Ɗan kabu-kabun ya damƙe mini hannu har ya yi zafi. Dawar da ke bayan gidan ta motsa, wani dattijo ya fito da fartanya a kafaɗa yana yi mini alama da tafin hannu.

"Rage murya, ɗana," ya ce a hankali. "Ba a sallama da ƙarhi garin ga."

Ya shigar da mu zaure. Azahar ta yi, amma babu wanda ya kira salla. Ya ce rabon da a kira ta a nan tun kafin shuka, don murya na tafiya nesa. Muka yi taimama, ya ja mu da kabbarar da sai ka kasa kunne. Abokina, ba wanda ya sa shi, ya je ya tsaya bakin ƙofa yana duba hanya har muka sallame.

Da na gaya wa dattijon abin da ya kawo mu, sai ya ƙura mini ido. "Kai na ɗan makarantar da yak kira ni?" Na ce ni ne. Ya jinjina kai.

"Randa kak kira, suna nan. Nan inda kake zamne ɗayansu yake zamne, bindiga bisa cinya. Waya tai ta kuka aljihuna, yac ce in ɗauka in buɗe kowa shi ji. Kac ce, 'Baba, ya hanya?' To mi za ni ce? Nic ce lahiya lau. Da kak kashe sunka yi dariya, sunka amshe wayar. Bayan kwana ukku munka watse, wasu Tsahe, wasu Gusau. Ni dai nakan zo in duba dawata in koma."

Na tashi daga inda nake zaune ban san na tashi ba. Na tuna ranar sarai. Ina kwance a ɗaki ƙarƙashin fanka, har na ji daɗin cewa ga mutum ɗaya da bai ɓata mini lokaci da dogon bayani ba.

A daidai nan muka ji ƙarar babur daga nesa, ta wajen daji. Babu wanda ya motsa. Ta matso, ta tsaya, sannan ta yi ta raguwa har ta ɓace. Ɗan kabu-kabun ya ce hira ta ƙare. Dattijon ya raka mu har gindin kuka, ya ce shi sai ya ƙarasa noman kunya biyu. Har mun juya ya kira ni da raɗa.

"To ɗana, mi kas sa muna cikin takardar taka?"

Na so in yi ƙarya, ban iya ba. Na ce, "Lafiya lau na rubuta, Baba."

Ya ce, "To, ai abin da nic ce ke nan." Ya koma cikin dawarsa.

Kafin magariba muna Gusau. A tsakar gidan Kawu na tarar da kwanon a jingine, kayan ɗakin amarya kuma an fara ɗaure su da igiya. Na durƙusa na faɗi komai, har da sifili biyar da na cike da hannuna. Kunya ta hana ni duban ɗan'uwana. Kawu ya ce a kwance kayan a mayar ɗaki.

Malamina ya ce aikin sai an sake shi daga tushe, kare shi kuma sai zango mai zuwa. Ban yi gardama ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne na saka wa waɗanda suka iya kuka da matsayi na biyu, na ɗauki waɗanda aka rufe wa baki na ba su na ɗaya, kuma saura kaɗan in tura ɗan'uwana da matarsa su kwana a can. Washegari da safe na buɗe kwamfuta na goge sifilin nan shida ɗaya bayan ɗaya. Manhajar ta yi ja tana neman in cike gurbin. Na bar mata shi babu komai, kamar yadda na baro garin.