Takalman Bature Mai Keke

Issoufou baduku ne ɗan Damagaram. Shekara goma sha huɗu ya yi yana gyaran takalma da jakunkuna a kusurwar wani shagon ɗinki a titin 125th Street, unguwar Harlem a Amurka. Tun muna zaune ɗaki ɗaya a Harlem na san shi, kuma ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Ka gaishe shi sau biyu, sai ya tambayi wanda ya aiko ka. Ban cika ganin laifinsa ba. Takardunsa na zama sun daɗe da ƙarewa, kuma kusurwar nan ce ke ciyar da 'ya'ya biyar a gida.

Wata Talata wani tsohon Bature sanye da koɗaɗɗen kwat ya jingine keke a ƙofar shagon, ya miƙo takalman da suka sha faci har suka gaji. Issoufou ya gyara. Bayan mako sai ga shi da tsohuwar jaka, har ya jawo kujera ya zauna. Da Faransanci suka yi hira. Ya ce shi ɗan Ostiriya ne, ya koyar da tattalin arziki a jami'a, ya yi shekara goma sha biyu a majalisar ƙasarsu ƙarƙashin jam'iyyar masu kare muhalli. Yanzu littafi yake rubutawa kan masu gyara abin da wasu ke zubarwa. Sai ya zaro biro. Takalma nawa kake gyarawa a rana? Ina kake samun fata? Yaushe ka shigo Amurka?

Da la'asar Issoufou ya same ni, ido jajir.

"Inusah, ƙarya yake! Député, ɗan majalisa guda, a kan vélo? Ba mota, ba chauffeur, ba ko mai riƙe masa jaka? Namu ko masallaci za shi sai da mota uku. Wannan ɗan immigration ne."

Na ce ya bi a hankali, amma ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Wane babban mutum ne zai yi yawo da faci uku a ƙafa?

Zuwa na uku, Baturen ya dawo da takalman farko, dunduniya ta cinye, ya ce ranar Juma'a zai zo da mai ɗaukar hoto. Issoufou bai jira Juma'a ba. Ya tattara basilla da zarensa ya shiga mota sai Ohio, ya yi wata bakwai yana wanke kwanoni a gidan abinci.

Sauda, ƙanwar matata da ke aiki a ofishin jakadanci, ita ta gaji da labarin ta bincika a wayarta. Ga mutumin nan tsaye a majalisa yana jawabi, cikin koɗaɗɗen kwat ɗin da muka sani. Kunya ta kama ni, na kira Issoufou ya dawo. Ya tarar mai sayar da tabarau ya zauna daram a kusurwarsa, mai shagon kuma ya ce ba ya tayar da mutum. Baturen ya zo nemansa sau huɗu kafin ya koma ƙasarsu.

Yanzu a ɗakinsa yake aiki, in an samu. Takalman da Baturen ya bari a hannunsa suna kan kanta, ya sa musu sabuwar dunduniya, duk Juma'a yana goge su. Na ce ya bayar da su ya huta.

"Amana ce," ya ce, bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza fatar. "Amma tsakani da Allah, Inusah, ɗan majalisa a kan keke?"