Katin da Yanzu-Yanzu Ya Ƙara wa Gudu

Duk layin masu gyaran kayan lantarki ba wanda ke kiransa da sunansa na gaskiya. Yanzu-Yanzu ake ce masa, shi ma ya daina jin haushin sunan tun yana da baƙin gashi. In ka kawo masa rediyo ko talabijin ka tambayi yaushe za ka dawo, sai ya ce, "Dawowa ta me? Yanzu-yanzu." Kuma ba cika baki yake yi ba. Kafin ka sami wurin zama ya kwance bayan abin, hayaƙin dalma ya fara tashi. Siririn mutum ne mai saurin tafiya, a tsaye yake shan shayi yana ƙona harshe, kuma yana ƙarasa wa mutane zancensu tun ba su kai tsakiya ba. Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne sau da yawa daidai yake faɗa.

Da kwamfuta ta shigo ya koma kanta. Da wayar hannu ta zo samari suka cinye layin, shi kuwa ya maƙale wa tsofaffin injinan da kowa ya yar, masu ƙaton kai da launin haƙorin tsoho. Shagonsa ya cika da su har rufi. A ƙarƙashin teburinsa akwai wani bokitin fenti da yake jefa duk abin da ya cire, mai sayen ƙarafa ya zo ya kwashe. Ba ya ajiye tsohon abu, ba ya kuma tsayawa narka dalma a hankali don ya zare shi lafiya. Almakashin waya yake sa wa ƙafafunsa, ƙat, ƙat, ya wuce wurin. Ya ce ai abin da aka cire ya gama aikinsa.

Mutum ɗaya ce ta taɓa iya sa shi ya zauna, matarsa, wadda shi da kowa ke kira Malama. 'Yan aji ɗaya ta koyar tsawon rayuwarta, kuma wanda ya yi shekaru yana jiran yaro ya rubuta harafi guda ya san haƙuri. "Zauna ka ci abincin nan, Maigida," takan ce, "ba shi da ƙafar guduwa." Sai ya zauna yana karkaɗa gwiwa.

Ciwon ya fara ne da alli yana suɓuce mata a gaban allo. Daga nan ƙafafu, daga baya harshe. Likitoci suka kira wani dogon suna, suka ce ba a warkewa, sai dai a lallaɓa. Hankalinta bai taɓu ba ko kaɗan, wanda a ganina shi ne muguntar ciwon. Aka wayi gari abin da ya rage mata idanu ne da ɗan yatsa guda, manunin hannun hagu.

A nan ne sana'arsa ta yi masa rana. Cikin wasu tarkacen da ya taɓa saye daga wata cibiyar naƙasassu da aka rufe, akwai kwamfuta mai wani tsohon shiri na masu larurar magana. Haruffa ne jere a allo, wani haske yana bin su ɗaya bayan ɗaya. In ya iso kan wanda kake so sai ka danna. In kalma ta cika, injin ya furta ta da wata murya kamar ta mai mura. Ya ciro maɓalli daga tsohon linzamin kwamfuta, ya ɗaura a katako daidai ƙarƙashin yatsanta. Kalmar farko da Malama ta harhaɗa ita ce "zauna". Ya yi dariya har da hawaye, ya kuma zauna.

Da wannan injin ta yi shekaru tana tafiyar da gidanta daga kan gado. Da shi take cewa gishiri ya yi yawa, da shi take tambayar jikoki, da shi take faɗin inda ke mata ciwo. 'Yarsu Auta, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta taɓa kawo wata sabuwar na'ura ta zamani, amma ana shafa ta ne, Malama kuwa dannawa kawai take iyawa. Aka mayar da ita kwalinta.

Abin da ke cin ran Yanzu-Yanzu shi ne jira. Bayan kowane harafi injin kan tsaya yana nazari, yana laluben kalmomin da ya saba ji daga gare ta. Bayan kowace kalma ya sake tsayawa kafin ya yi magana. Shi kuma yana gefe, ya riga ya san abin da za ta ce, bakinsa na ƙaiƙayi. Ba don kansa kaɗai ba ne, a yi masa adalci. Yana ganin yadda take gajiya kafin jimla ta ƙare, yana ganin maganganun da take fasa yi saboda tsawonsu. Yana sonta, kuma gyara ne kawai hanyar da ya sani ta nuna so.

A cikin kwamfutar akwai wani kati da ake ce wa katin ƙara gudu, mai tsawon tafin hannu, da tasa ƙwaƙwalwar. Idan babu shi shirin ba ya tashi sam. A kusurwar katin akwai wani ɗan gwangwani mai sheƙi da ƙafafu huɗu, kiristal, wanda ke buga wa katin lokaci kamar yadda zuciya ke bugawa. Duk tsohon mai gyara ya san dabarar: ka cire shi ka sa wanda ya fi shi saurin bugu, ka manna wa ƙwaƙwalwar ƙarfen shan zafi da 'yar fanka, sai katin ya kama gudu. Ya yi wa mutane wannan aikin ba adadi, a zamanin da ake yayinsa.

Wata safiya ya ce mata, "Malama, yau zan kai abokin hirarki shago in ɗan taɓa shi. Ba zai kai azahar ba."

Ta fara bin haruffa. Hasken ya tsaya kan "b", ya tsaya kan "a".

"Ba komai, ko? Na sani," in ji shi, ya zare wayar wuta.

Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Ya datse ƙafafun tsohon kiristal ya jefa a bokiti, ya share ramukan, ya dasa sabo. Dalmar ta kwanta sumul. Ya kunna ya gwada da yatsansa, haruffa na faɗowa, murya na fita nan take ba wani nazari. Ya kira mai gyaran wayar da ke maƙwabtaka da shi ya zo ya gani, baki har kunne. Ya bar injin a kunne ya ga ko zai yi zafi, bai yi ba. Kafin ya rufe shago mai sayen ƙarafa ya biyo, ya juye bokitin a buhunsa kamar kullum.

Ya dawo gida yana rungume da kwamfutar, ya haɗa wayoyi, ya gyara mata katakon. "To bismillah. Yanzu sai ki yi ta zuba, har mu gaji da ke."

Hasken ya taso. Malama ta zuba masa ido, ta danna, amma ya riga ya wuce harafin da take so da nisa. Ta jira ya zagayo, ta sake dannawa, ya sake kuɓuce mata. Injin ya tattara abin da ya samu ya furta wani shirme da muryarsa ta mai mura. Yanzu-Yanzu ya yi dariya ya ce ta saba da tafiyar kunkuru ne, ta sake gwadawa. Ta gwada har gumi ya tsattsafo mata a goshi. Daga nan ta ɗauke ido daga allon ta dube shi.

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Tsofaffin shirye-shiryen nan ba su da agogon kansu, da bugun katin suke auna komai. Da ya ƙara wa katin gudu bai rage jiran nazari kaɗai ba, har tafiyar hasken ya ƙara wa sauri. Ya shiga wurin saiti don ya rage, ya tarar yana kan mafi jinkiri, ba sauran inda za a sauke. Shi da hannunsa ya riƙa saukar da shi duk lokacin da yatsanta ya ƙara nauyi, ya manta. A shago kuwa da yatsan mai lafiya ya gwada.

"Ƙaramin abu ne," ya ce mata. "Gobe zan mayar da na da."

Na da yana cikin buhun mai ƙarafa, guntule ba ƙafafu, kuma buhun ya riga ya bi mota. Ya kwance injinan shagonsa ɗaya bayan ɗaya yana neman irinsa. Wanda ya samu mai jinkiri, katin ya ƙi shi, allo ya yi baƙi ƙirin. Wani ya tashi ya yi aiki kaɗan ya daskare. Garin sawa da cirewa, siririn layin tagullar da ke jikin katin ya ɗago saboda zafi, sai da ya yi masa gada da waya mai kaurin gashi. Ya shiga bin masu tarkace unguwa-unguwa, yana tsugunne cikin tulin matattun injina da tocila a baki. Ya roƙi wata maƙwabciya ta riƙa leƙa Malama, ta ba ta abinci, ta goge mata fuska da hannuwa, ta sauya mata shimfiɗa.

Kwanaki suka zama makonni. In ya shigo gida sai ya tsaya a bakin gado ya jero mata tambayoyi. "Ruwa? Yunwa? Zafi kike ji? A'a, kin sha ruwa ai." Kafin ta kifta ido ya amsa wa kansa ya wuce ta gaba. Hawaye kan gangaro mata zuwa kunne, shi kuma ya ɗauka na fushi ne, ko na kewar injin. "Na sani, na sani," yakan ce yana share mata. "Na kusa samu." Kallon nan nata ya fi ƙarfinsa, don haka ya riƙa fita da wuri yana dawowa a gajiye, yana gaya wa kansa don ita yake yi. Auta ta yi ta kira tana cewa a sa mata muryar Mama, yana ce mata injin na shago.

Ya samu a ƙarshe, a jikin wani kati da ruwan sama ya ci rabinsa. Wannan karon ya narka dalmar a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai cire ƙaya. Ya dasa, ya kunna, hasken ya koma tafiyarsa ta da. Ya taho gida kusan da gudu, ya tarar da jakar Auta a bakin ƙofa. Ta gaji da jin "yana shago" ta hau mota, isowarta ke nan ko mayafi ba ta cire ba.

Ya haɗa komai ya ɗora yatsan Malama a kan maɓallin. Hasken ya bi haruffa har ƙarshe ya dawo. Idonta na bin sa, yana tsayawa a wuri guda, amma yatsan yana kwance yadda aka ajiye shi. Ya matsar da katakon. Ya sassauta maɓallin har iska ma ta isa ta danna shi. Ciwon bai tsaya jiran kiristal ba, a cikin makonnin nan ya ƙarasa abin da ya rage.

Ya fara zancen wani maɓalli da za a iya ɗaurawa a kunci. Auta ta ce, "Baba, ka bar injin nan haka. Ka karanta mata haruffan da bakinka, in ka zo kan wanda take so ta rufe ido."

"Ai kullum ina tambayarta abin da take so."

"Kana tambaya kana amsawa. Ja kujera."

Ya ja kujera ya fara, a, b, c, kamar ana korarsa. Malama ta kawar da ido. Auta ta dafa masa gwiwa, ya koma farko, yana jan numfashi tsakanin kowane harafi da na gaba. Da ya kai "ƙ" ta rufe ido. Ya sake daga farko, ta rufe a kan "a".

"Ƙaiƙayi? Bayanki ne ke miki ƙaiƙayi?"

"Baba, don Allah bari ta gama."

Ya haɗiye sauran maganar. Suka sami "f", suka sami "a". Daga nan ta bar idon a rufe, ta gaji.

Auta ce ta yaye bargon. Ƙafafun suna cikin safa mai kauri da ya sa mata saboda sanyi, ya kasa tuna ranar da aka cire ta. Ta dama ta fita ba wahala. Ta hagu ta ƙi, ta manne a diddige. Auta ta kawar da kai saboda warin, wanda shi bai ji ba, don hayaƙin dalma ya daɗe da kashe masa hanci. Ta jiƙa safar da ruwan ɗumi tana ja a hankali. A ƙarƙashinta gyambo ne ya ci diddigen ya yi rami, gefensa ya yi baƙi.

Ciwon Malama motsi yake ɗaukewa, ba ya ɗauke jin zafi. Likita ya gaya masa haka tun farko, bai manta ba.

Auta ta fita neman mota a kai ta asibiti. Ya rage shi da ita a ɗakin, fankar da ya manna wa katin tana ta juyawa. Ya durƙusa a ƙarshen gadon ya tallabe ƙafar da hannu biyu don kada ta taɓa katifa. Ya buɗe baki zai ce ya sani, sai ya ga ta buɗe ido tana kallonsa, tana da sauran magana.

Ya koma farkon haruffa. "A," ya ce, ya jira.